Yashe Lambatu Ma Hidima Ce

Da muka fara yashe lambatu ranar Asabar, mu kaɗan ne. Yau matasan unguwa, har da maƙwabtanmu Musulmi, sun shigo da shebur da baro. Sai ga wasu a ikkilisiya suna cewa mun bar aikin Allah mun koma 'yan kwasar shara. Ba mu yarda ba! A duba Farawa 2:15, Allah da kansa ya ɗora wa Adamu kula da gonar Aidan. Idan leda ta toshe kwalbati, ruwa zai kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya kwantar da ƙannenmu. Za mu yi musu addu'a, amma za mu ɗauki shebur. Asabar mai zuwa, mu haɗu bayan addu'ar safe.