Wace Matatar Iska Ta Dace da Tsohuwar Motar MGB?

A ƙasar Ingila akwai wani gari da ake kira Abingdon, kusa da birnin Oksfod, inda aka yi ta ƙera wata 'yar ƙaramar motar gudu mai suna MGB tun daga shekarar 1962 har zuwa 1980, lokacin da aka rufe masana'antar. An ƙera fiye da rabin miliyan, kuma akasarinsu Amurka aka kai aka sayar. Injinta mai silinda huɗu ne, mai cin lita 1.8, ƙarfinsa kuwa kimanin na doki 95. Masu sha'awarta ba su yarda ta mutu ba, har ta kai ga a 1988 kamfanin British Motor Heritage ya koma ƙera sabon gangar jikinta domin masu son farfaɗo da wadda tsatsa ta cinye. Mutum zai sayi kwarangwal ɗin mota, ya shafe shekara biyu ko uku yana kwancewa yana ɗaurawa, ya kai injin a gyara cikin silindoji, ya sa sababbin fistin da zobba. Sai a ƙarshen wannan ɗawainiya ya zo kan wata 'yar ƙaramar shawara, wato irin matatar iskar da zai ɗaura, wadda makanikai ke kira filta. A ganina nan ne da yawa daga cikinsu ke zubar da wahalarsu.

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata ɗalibi ya ɗauki alƙalami mu yi ɗan lissafi. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilogiram ɗaya nasa yana bukatar iska kilogiram 14.7. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kusan kashi uku cikin huɗu ne na kilogiram, saboda haka tana bukatar iska wajen kilogiram 11. Iska kuwa ba ta da nauyi sosai, sai an tara lita dubu kafin a sami kilogiram 1.2. Idan aka raba, za a ga cewa duk litar fetur ɗaya da injin ya sha, ya shaƙi iska wajen lita dubu tara. To, mai karatu ya auna yawan litocin da mota ke sha a shekara, sannan ya tuna cewa duk abin da ke yawo cikin wannan iska yana neman hanyar shiga silinda.

Babban abin tsoro cikin ƙura shi ne ɓarɓashin ma'adinin da ake kira kwaz, wanda shi ne mafi yawa cikin rairayi. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana mataki na 7, ya fi ƙarfen da ake zuba silinda da shi tauri. Tsakanin zoben fistin da bangon silinda kuwa babu komai sai wani siririn shafi na baƙin mai, wanda kaurinsa bai wuce 'yan maikiron ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma silin gashin mutum yakan kai wajen 70. Ƙwayar ƙurar da ido bai iya gani, idan ta maƙale a wannan tsakani, sai ta riƙa kankare ƙarfe a duk hawa da saukar fistin, sau dubbai a minti guda. Sannu a hankali zobba su saki, injin ya fara shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi ya bayyana a salansa. Shi ya sa masu binciken baƙin mai a ɗakin gwaji suke auna sinadarin silikon da ke cikinsa, don yawansa alama ce ta cewa ƙura na kutsawa.

Akasarin motocin MGB sun fito daga masana'anta da kabureta biyu ƙirar SU, kowace da gwangwaninta na ƙarfe, a cikinsa akwai matata ta takarda da aka nannaɗe kamar mafici domin faɗinta ya ƙaru. Mai gyara yakan dubi waɗannan baƙaƙen gwangwanaye ya ga ba su da kyan gani, sai ya cire su ya sa wasu faifaye masu ƙyalli. Wasunsu ragar waya ce kurum a ciki. Wasu kuma auduga ce da aka jiƙa da mai, irin wadda kamfanin K&N na Amurka ya shahara da ita. Akwai ma waɗanda ke barin bakin kabureta a buɗe da wani ɗan ƙaho irin na motocin tsere.

Masu goyon bayan audugar suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Iska ta fi wucewa ta cikinta cikin sauƙi, ana iya wanke ta a sake shafa mai a mayar, kuma injin yakan yi wani gurnani mai daɗin ji idan aka taka. Sai dai ƙofar da ta yi wa iska faɗi, ta yi wa ƙura faɗi. Ana gwada matatun iska bisa ƙa'idar duniya mai lamba ISO 5011, inda ake hura musu wata tantanciyar ƙura a auna abin da ya tsallake, kuma matatar takarda mai inganci takan tare fiye da kashi 99 cikin ɗari. A nan ne lissafi ke yaudarar mai saye. A ɗauka wata matata tana tare kashi 99.5, wata kuma kashi 98. Ido zai ce bambancin kaɗan ne. Amma injin ba ruwansa da abin da aka tare, abin da ya wuce shi ne damuwarsa: ta farko ta bar rabin kashi ɗaya, ta biyu ta bar kashi biyu, wato ninki huɗu ke nan. Ribar da ake samu kuwa ba ta bayyana sai an take totur har ƙasa injin yana juyi mafi sauri, abin da mai tsohuwar mota mai daraja ba kasafai yake yi ba. Motar tsere tana iya jure buɗaɗɗen ƙaho saboda ana kwance injinta a kai a kai.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi kaburetar SU ita kanta. A cikinta akwai wata siririyar allura mai tsini da ke hawa da sauka tana ƙayyade yawan fetur, kuma masana'anta ta zaɓi siffar allurar ne daidai da matatar asali. Idan aka canza matata ba a canza allura ba, fetur yakan yi ƙaranci cikin cakuɗar, injin ya riƙa ɗaukar zafi, har bawul ɗin fitar hayaƙi ya iya ƙonewa. Wanda ya nace sai ya sa auduga, to wajibi ne ya nemi allurar da ta dace, a kuma daidaita kaburetocin biyu tare.

Dattawan direbobi za su tuna wata dabara ta uku, matata mai tafkin mai, irin ta tsohuwar Land Rover da Volkswagen ƙirar ƙwaro. Iska na gangarowa da gudu, sai a tilasta mata juyawa sama daf da fuskar mai. Ƙwayoyi masu nauyi su kasa yin kwanar su faɗa ciki. Darasi ne mai kyau ga malamin fiziya da ke koyar da dokar motsi ta farko ta Newton. Rauninta shi ne idan injin yana juyi a hankali iska ba ta da saurin da zai wurga ƙurar, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa takarda ta maye gurbinta a ƙananan motoci.

Ra'ayina dai shi ne a bar wa MGB gwangwaninta na asali da takarda mai kyau, a tabbatar robar bakinsa ta zauna daram, domin ƙaramar kafa a gefe ta isa ta ɓata aikin matata komai tsadarta. Idan wannan shawara ta dace da Ingila mai yawan ruwan sama, to ina ga ƙasarmu, inda iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda masana ke lissafawa cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya? Ga kuma wata al'ada tamu da ya kamata ɗalibai su yi wa iyayensu bayani a kanta, wato kai matata wurin mai faci a hure ta da iska mai ƙarfi. Wannan huri yakan yi wa takardar ƙananan huji da ba a gani sai an ɗaga ta a hasken rana. Abin mamaki ma, matatar da ta ɗan ɗauki ƙura ta fi sabuwa fil tacewa, saboda ƙurar farko tana toshe manyan ramukan takardar. Idan ta toshe ƙwarai har mota ta fara nauyi, sai a cire ta a sa sabuwa, a goge cikin gwangwanin da ɗanyen tsumma kafin a rufe.