Madatsar Alau: Gyara da rani ya fi tallafi bayan ambaliya

A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan Kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Dubban ɗaruruwan mutane sun rasa matsuguni, fursunoni 281 kuma suka tsere bayan katangar gidan yari ta rushe. A 1994 ma ruwan Alau ya taɓa cinye garin.

Madatsa ba ta lalacewa a dare ɗaya. Laka kan cika cikinta, bango ya tsage, ƙofofin sakin ruwa su yi tsatsa, magudanan da ke ɗauke rarar ruwa su toshe. Duk wannan injiniya zai iya ganinsa tun da rani.

Naira biliyan 80 da gwamnatin tarayya ta amince a kashe wajen sake gina Alau ta zo bayan ɓarna. Kamata ya yi a wajabta wa hukumomin raya koguna duba madatsun Tiga, Challawa, Goronyo da Bakolori kowace shekara kafin damina, sannan a wallafa rahoton da Hausa. Duk mai kwana a ƙasan madatsa yana da haƙƙin sanin halin da take ciki.