Waiwaye: Yaƙin Shekara Ɗari da Koyoti da Ladabin Gardamar Mafarauta

A shekarar 1915 majalisar dokokin Amurka ta ware kuɗi domin a ɗauki ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai kashe namun dawa masu cin dabbobin kiwo. Uku aka fi sa wa ido: kyarkeci, da damisar dutse, da koyoti. Shi koyoti dangin kare ne, ya yi kama da dila, sai dai ya ɗan fi shi jiki, nauyinsa yakan kama daga kilo 10 zuwa 20. A wancan zamani galibin mazauninsa filayen ciyawa ne da hamadar yammacin ƙasar da Meziko. A 1931 shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnati cikakken iko ta kawar da irin waɗannan dabbobi. Aka kafa tarkuna, aka tona ramukan da suke haihuwa, aka cusa guba a mushen dawakai aka watsa a daji. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shigo da wata guba mai tsanani da ake kira 1080.

Kyarkeci bai jure ba, ya ƙare a kusan duk jihohin da ke kudu da Kanada. Koyoti kuwa sai ya ƙara yaɗuwa. Yau yana kowace jiha ta Amurka in ban da Hawai, daga Alaska har ƙasar Fanama, yana kwana a cikin Shikago da Los Anjalas. Har yanzu hukumar da ta gaji wancan aiki, a ƙarƙashin ma'aikatar noma, tana kashe kimanin dubu 60 duk shekara, ban da abin da mafarauta da makiyaya ke kashewa da kansu, wanda ya ninka haka sau da yawa. Duk da wannan, yawansa bai ragu ba.

Abin da ya sa na waiwayi wannan tarihi shi ne yadda mutanen da ke cikin lamarin suka yi gardama a tsakaninsu, da irin gardamar da ta yi amfani.

Tun a shekarun 1920 ƙungiyar masana dabbobi masu shayarwa ta Amurka ta fara tuhumar shirin gwamnati. Joseph Grinnell na jami'ar Kalifoniya yana cikin masu suka, Edward Goldman kuma yana kare hukumar da yake wa aiki. 'Yan ƙungiya ɗaya ne, suna zama a taro ɗaya, kowa ya kawo hujjarsa a rubuce. Masu suka ba su yi nasara nan take ba, domin dokar 1931 ta wuce duk da ƙorafinsu. Amma sun bar wata tambaya da ta ƙi mutuwa: wa ya taɓa binciken abin da koyoti yake ci? Wani masani mai suna Adolph Murie ya ɗauki tambayar ya shiga gandun dajin Yellowstone, ya tattara kashin koyoti dubbai yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Rahoton da ya fitar a 1940 ya nuna cewa yawancin abincinsa ɓeraye ne da danginsu, da fara, da mushe. Murie bai zagi kowa ba. Ya ajiye abin da ya gani a gaban mutane ya bar su da shi.

Aldo Leopold ma ya cancanci a tuna da shi. Ma'aikacin gandun daji ne a Arizona da Niyu Meziko tun 1909, maharbi ne na gaske, kuma a ƙuruciyarsa yana sahun gaba na masu cewa a share duk wata dabba mai cin nama domin barewa ta yawaita. Sai ya ga abin da ya faru a wurare irin tudun Kaibab, inda aka karkashe masu cin nama, barewa ta yi yawa ta cinye tsirrai, daga baya yunwa ta hallaka ta. Ya sauya ra'ayi a bainar jama'a, ya rubuta dalilinsa a littafin da ya fito a 1949, shekara guda bayan rasuwarsa. Bai ajiye farauta ba, bai kuma mai da abokansa na da abokan gaba ba, shi ya sa mafarauta suka iya saurarensa. Ɗansa Starker Leopold ne ya shugabanci kwamitin da ya soki yawan kisan a 1964. Wani kwamiti a ƙarƙashin Stanley Cain ya biyo baya a 1971, kuma a watan Fabrairun 1972 shugaba Richard Nixon ya hana amfani da guba wajen kashe waɗannan dabbobi a filayen gwamnatin tarayya. Daga fara ƙorafi zuwa wannan umarni an yi kusan shekara hamsin ana musayar hujja.

Binciken da ya biyo baya ya bayyana sirrin jurewar koyoti. A Tekzas, Frederick Knowlton ya lura cewa inda ake tsananta kisa, mata sukan haifi 'ya'ya fiye da na inda aka ƙyale su, domin abinci ya wadaci waɗanda suka rage. In an kashe ma'aurata masu riƙe da yanki, baƙi sukan cike gurbin cikin ɗan lokaci. A 1975 wasu masana biyu, Connolly da Longhurst, suka yi lissafi suka ga sai an kashe kashi 75 cikin 100 duk shekara har sama da shekara hamsin kafin a iya gamawa da shi.

Wannan ba ya nufin kukan makiyayi ƙarya ne. A ƙididdigar ma'aikatar noma, koyoti ne ya fi kowace dabbar daji kashe tumaki da 'ya'yansu. Wanda ya wayi gari ya tarar da 'yan ragunansa a yayyage yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma duk wanda ya yi masa ba'a daga cikin birni bai yi adalci ba. A kudu maso gabashin ƙasar an tabbatar koyoti yana cin 'ya'yan barewa da yawa a makonnin farko na haihuwa. Gaskiya tana ɓangarorin biyu. Abin da hujja ta nuna shi ne cire takamaiman koyotin da ya saba da garke a lokacin haihuwar tumaki yana rage ɓarna, kisan kan mai uwa da wabi kuwa ba ya daɗewa yana amfani. Makiyaya da yawa sun koma haɗa bindiga da karnukan gadi, da shinge mai lantarki, wasu har da jakuna, domin jaki ba ya barin dangin kare su kusanci garken da ya saba da shi.

Yau gardamar da ta fi zafi tsakanin mafarautan ne su kansu. A jihohi da dama babu lokacin da aka rufe farautar koyoti, babu kuma iyakar adadin da mutum zai harba. Inda doka ta yi shiru, sai kowa ya koma ga zuciyarsa. Akwai mai kiran koyoti da usur na baki yana kwaikwayon kukan zomo, yana ganin na'urar lantarki mai yin kukan ta rage ƙwarewa. Akwai mai farautar dare da madubin da ke gano ɗumin jiki, wani kuma yana ganin wannan ya hana dabba duk wata hanyar tsira. Ana saɓani kan sakin karnuka, da kan ajiye mushe a yi kwanto, da kan bin dabba da babur ɗin ƙanƙara har ta gaji. Ana saɓani kan harbin uwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da 'ya'yanta ke rami suna jiran nono. Da fatar hunturu tana da kuɗi, wasu sukan ce sun kashe ne domin amfani. Tun da kamfanin tufafi na Canada Goose ya sanar a 2021 cewa zai daina sayen fata, kasuwar ta yi sanyi, tambayar dalilin kisan ta ƙara nauyi.

Mafarautan Amurka suna da ma'aunin da suka gada. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa a 1887, ta ginu a kan cewa dole a bar wa dabba damar tserewa, kada maharbi ya yi mata rinjayen da bai dace ba. Jim Posewitz na Montana ya faɗaɗa wannan tunani a littafinsa na 1994. Abin takaici shi ne wasu sukan kiyaye wannan ma'auni in barewa suke bi, su yar da shi in koyoti ne, kamar shi ba rai gare shi ba.

Gasar kisa ita ta fito da abin fili. Ana biyan kuɗin shiga, a ba da kyauta ga wanda ya fi kashewa da yawa cikin kwana biyu ko uku. A ƙarshen 2014 aka tsinci gawawwakin koyoti kusan 40 an zubar a jejin da ke kusa da Las Cruces a Niyu Meziko, hankalin jama'a ya tashi. Kalifoniya ta hana ba da kyaututtuka a irin wannan gasa a 2014, Bamont ta hana gasar a 2018, Niyu Meziko da Arizona da Masachusets a 2019, Kolorado da Washinton a 2020, wasu jihohin suka biyo baya. A Arizona hukumar farauta ce da kanta ta yanke hukuncin, tana mai tsoron kada fushin jama'a kan gasar ya shafi farauta baki ɗaya. Wannan tsoro yana da tushe. Mafarauta ba su kai kashi 10 cikin 100 na Amurkawa ba, namun daji kuma a dokarsu amanar jama'a ce duka. Gaskiya ne harajin bindigogi da harsasai da aka kafa a dokar Pittman-Robertson ta 1937 yana ɗaukar nauyin kula da daji, amma kuɗi ba ya sayen yardar sauran mutane. Hali ne ke sayen ta.

A nan ladabin gardama yake da muhimmanci. Idan mafarauci ya ce bai yarda da harbin uwa mai shayarwa ba, sai 'yan uwansa su kira shi maci amana ko ɗan leƙen asirin masu adawa da farauta, to sun rufe bakin mai gyara na cikin gida, kuma gyaran zai zo musu daga waje a matsayin doka. Idan shi kuma mai gyaran ya fara da kiran makiyayi mugu, ya rasa kunnen da yake nema tun kafin ya kai ga hujjarsa. Baƙar magana ba ta taɓa sauya dokar koyoti ba. Abin da ya sauya ta shi ne aikin Murie, da jarumtar Leopold ta sauya ra'ayi a gaban kowa, da haƙurin masana da suka yi shekaru suna zama teburi ɗaya da waɗanda suke saɓani da su.

Darussa uku na ɗauka. Na farko, abin da doka ba ta hana ba ba lalle ne ya zama daidai ba, kuma mun sani a tarbiyyarmu cewa ko dabbar da aka halatta kashewa ba a halatta azabtar da ita ba. Na biyu, kafin a yanke hukunci a kan abu, a je a duba shi, ko da dubawar za ta rushe abin da aka daɗe ana faɗa. Na uku, mai sukar ka daga cikin sana'arka ya fi kowa son ta ɗore.

Mai karatu, ko kai maharbi ne, ko makiyayi, ko ɗan wata ƙungiyar sana'a, ranar da ɗan uwanka ya tashi ya ce abin da kuke yi akwai gyara, kada ka tambaye shi wa ya aiko shi. Tambaye shi hujjarsa, ka ba shi taka cikin mutunci, in tasa ta fi ƙarfi ka bi ta.