Dajin Hanta: Sabon Gwaji Ba Zai Ceci Wanda Bai Zo Asibiti Ba

Hanta ba ta da saurin kuka. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C na iya shafe shekaru ashirin tana cin ta, mai ita yana kai-komo a ofis ko kasuwa lafiya lau. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, sau da yawa daji ya riga ya yi nisa. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan majinyata a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna cewa in aka cire Masar, rabin waɗanda aka gano suna da dajin hanta ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba.

Wannan ne ya sa masana suka duƙufa neman alamomin cutar a cikin jini. Tsohon gwajin da aka dogara da shi tun shekarun 1960 shi ne na AFP, wani furotin da yakan ƙaru idan ƙari ya tsiro a hanta. Sai dai yana da rauni: ƙananan ƙari da dama ba sa ɗaga shi, kumburin hanta kuma yakan ɗaga shi ba tare da daji ba.

Sabuwar hanyar ta dogara ne da cewa hanta ce ke sarrafa kitse, sukari da ruwan matsarmama. Idan daji ya fara, yawan ƙananan sinadaran da take zubawa cikin jini yakan sauya. Wasu sinadaran matsarmama su hau, wasu nau'o'in kitse su sauka. A 2018 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa auna irin waɗannan sinadarai guda biyu tare da AFP ya fi AFP shi kaɗai kama ƙaramin ƙari.

Ko shakka babu wannan ci gaba ne. Amma fa na'urorin awon suna da tsada, kuma abinci yana sauya waɗannan sinadarai, don haka ma'aunin da ya dace da mai cin shinkafa a Shangai ba lallai ne ya dace da mai cin tuwon masara a Funtuwa ba. Ga kuma gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, wadda ke ninka haɗarin daji ga mai ɗauke da nau'in B. Wajibi ne asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Jos da Maiduguri su gwada alamomin a jinin mutanenmu kafin a rungume su.

Abin tambaya a nan shi ne, tsohon gwajin ma mun yi amfani da shi? Binciken ƙasa na 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba. Alhali wani gwaji da aka yi kan mutum fiye da 18,000 a Shangai, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa hoton ciki da AFP duk wata shida sun rage mace-macen dajin hanta da kashi 37 cikin ɗari.

Saboda haka kada jiran sabon gwaji ya zama uzuri. Gwamnatocin jihohi su buɗe rajistar masu ɗauke da cutar, su sanya hoton ciki da AFP cikin inshorar lafiya, su tabbatar kowane jariri ya sami allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Kai kuma mai karatu, ka je a gwada ka tare da iyalinka. In an samu, ka riƙe alkawarin wata shida da likita, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.