Darasin Bagega: A Share Gida Kafin a Ba Yaro Magani

A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai kama amai da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba, sai rai ya yi halinsa. Gwaji ya tabbatar gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya suna shigo da duwatsu cikin gida, a daka a niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara sama da 400 suka rasu a Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da maƙwabtansu. Allah Ya sa su zama masu ceton iyayensu.

Abin da ya sa muka tuno da wannan musiba shi ne labarin Bagega. An share waɗancan ƙauyuka tsakanin 2010 da 2011: aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aka zuba sabuwa, sannan yara suka ci moriyar maganin da ke tsamo dalma daga jini. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. A tsawon wannan jira likitoci na nan, magani na nan, amma ba su fara ba wa yaran garin ba. Hujjarsu ita ce yaron da aka ba magani ya koma ya kwana cikin ƙurar da ta sa masa ciwo, an yi aikin baban giwa ne kawai. Sai da aka fara share gidajen sannan aka buɗe ƙofar magani.

Wannan ƙa'ida ta likitoci ita ce muke ganin ta yi ƙaranci a yadda muke kula da marayu da iyalan da masifa ta kai ga ofishin jin daɗin jama'a. Yau gubar da ke cin yankin Zugu ta sauya kama. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairun 2022, sun bar zawarawa da marayu masu yawa, garin Anka kuma ya cika da 'yan gudun hijira a kangaye da gine-ginen da ba a kammala ba. Ambaliyar Gummi ta 2024 ta ƙara nata. Me muke yi musu? Galibi mukan jira azumi ko salla, a tara yaran a fili, a miƙa musu shadda da kwanon shinkafa, a ɗauki hoto. Lada na nan in an yi don Allah, ba mu musa ba. Amma da yamma yaron zai koma ɗakin uwar da ba ta da jari, ba ta da mai jin kukanta, wataƙila kuma dangin miji sun riƙe gonar gado. Gidan da ke tura shi bara ko haƙar zinariya yana nan yadda yake.

Shari'armu ba ta kallon yaro shi kaɗai a tsaye. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi kowa cancantar reno, bayanta mahaifiyarta, kuma renon namiji yana kaiwa balaga, na mace kuwa har ta tare a gidan miji. Ciyarwa tana kan uba, ko cikin dukiyar maraya in yana da ita, in babu sai ta koma kan baitulmali da jama'ar Musulmi. Tarihi ya nuna cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da farko yakan yanka wa yaro kaso daga baitulmali ne bayan yaye. Da ya gano iyaye mata suna gaggauta yaye don su samu kason, sai ya mayar da shi tun daga ranar haihuwa. Ya duba yadda tsarin hukuma ke aiki a cikin ɗakin uwa, ya gyara tsarin. Aikin da ake nema daga jami'in jin daɗin jama'a ke nan: ya shiga gida, ya zauna, ya tambayi wa ke ciyarwa, wa ke zuwa makaranta, wa ya daina, sannan ya dawo bayan wata guda ya ga ko an samu sauyi.

Kayan aiki ba su ɓace ba. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, tana da Hisba, tana da ma'aikatar mata da ƙananan yara, kuma a 2022 aka sa hannu kan dokar kare yara ta jihar. Abin da ya rage shi ne su haɗu a kan gida ɗaya, da rajista ɗaya, maimakon kowa ya zo da nasa jerin sunaye. Buhun hatsi yana ƙarewa cikin mako uku. Keken ɗinki, ko akuya biyu, ko tsayawa a gaban alƙali har a raba gado, su ne ke share ƙasar.

Akwai kuma namu laifin, mu jama'ar gari. Magidanta da yawa suna ɗaukar zuwan jami'in hukuma gida a matsayin tonon asiri, sai a ɓoye yaron da ake duka, ko yarinyar da aka ci zarafinta, a ce a bar wa Allah. Rufin asiri da addini ya yi umarni da shi na mai zunubin da ya tsaya a kansa ne; ba ya zama mayafi ga wanda ke cutar da ƙaramin yaro. A ɗaya ɓangaren, jami'in da aka buɗe wa sirrin gida amana ya ɗauka. In labarin bazawara ya fita daga bakinsa zuwa majalisar shayi, ko hoton maraya ya hau Facebook, gida goma za su rufe masa ƙofa, kuma da gaskiyarsu.

Limamai da kwamitocin masallatai sun fi kowa sanin wane gida ne bai ɗora tukunya ba. Ya kamata kowane masallacin Juma'a a Anka, Gummi da Bukkuyum ya ware mutum biyu, namiji da mace, amintattu, su zama mahaɗa tsakanin irin waɗannan gidaje da ofishin ƙaramar hukuma. Macen ba ado ba ce a wannan tsari: bazawara mai takaba ba za ta faɗa wa namiji rabin abin da ke damunta ba. Ɗalibanmu masu neman fannin karatu su ma su san cewa aikin jin daɗin jama'a ilimi ne da ake koyo a jami'a, kuma yankin nan yana buƙatar masu shi da suka san fiƙihun reno da gado.

Kada kuma a manta da yaran dalma da suka rayu. MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jihar a 2022. Jariran 2010 yanzu samari ne da 'yammata, wasunsu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa ko gani, kuma irin wannan lahani ba ya komawa. Malamin allo na iya ɗaukar jinkirin haddarsu a matsayin lalaci ya sa bulala, alhali ciwo ne. A watan Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa a Zamfara tun 2019, don haka tambayar farko da mai ziyarar gida zai yi a ƙauyukan haƙa ita ce ko duwatsun sun sake shigowa tsakar gida.