Mai hawan jini, yaushe rabonka da gwajin ƙoda?

Jama'a, a Jigawa da zarar an ce ciwon ƙoda, sai hankali ya tafi kan injin wanki. Mutanen Haɗeja sun daɗe suna kuka da wannan ciwo, kuma injin na ceton rai. Amma wanda ya kai ga wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, awa huɗu-huɗu, ya riga ya yi nisa. Ni maganata a kan tun kafin a kai nan ne.

Zuciya da ƙoda tafiyarsu ɗaya. Kusan kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, ƙoda yake ratsawa. In zuciya ta yi rauni, ƙoda ba ta samun isasshen jini. In ƙoda ta gaza, ruwa da gishiri su taru a jiki, jini ya ƙara hawa, zuciya ta ƙara wahala. Ga shi ƙoda ba ta yin ciwo da wuri. Kafin ƙafa ta kumbura, amai ya fara, ɓarna ta yi yawa.

To me ke tona asirinta? Gwajin jini na kiriyatinin, wanda likita ke lissafa ƙarfin tacewar ƙoda da shi. In lissafin ya zauna ƙasa da 60 sama da wata uku, ciwo ya kafu. Sai dai kiriyatinin na iya nuna lafiya lau alhali ƙoda ta rasa kusan rabin ƙarfinta. Shi ya sa ake haɗa shi da gwajin fitsari, don yoyon furotin kan bayyana tun da wuri. Akwai kuma sababbi irin su sistatin C da NGAL, amma sun fi tsada.

Wani zai ce mu jira sababbin. Ban yarda ba. Manomin Kiyawa ko Jahun da ke shan maganin hawan jini shekara da shekaru, tsohon gwajin ma an taɓa yi masa? Mai shan Lasix ko lisinofiril yana buƙatar a riƙa duba ƙodarsa da sinadarin fotasiyam. Ga zafin bazara, ga aikin gona ba shan ruwa, ga daikulofenak da muke saye a kemis kamar alewa da sunan maganin gajiya. Wallahi haɗin nan ba ƙaramin nauyi ba ne a kan ƙoda.

Roƙona ga Gwamna Umar Namadi da hukumar JICHMA: a mayar da gwajin jini da fitsari sau ɗaya a shekara kyauta ga duk mai hawan jini, ciwon zuciya ko suga, tun daga asibitin mazaɓa. Wanda aka ga alama a tura shi asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na tarayya a Birnin Kudu. Kuɗin wanki ɗaya zai auna mutane da dama.

Mu kuma, in mun raka Baba ko Inna karɓar magani, mu tambaya: "Likita, ya ƙodar?" Kada kuma kowa ya ajiye maganinsa don ya karanta wannan, sai da shawarar likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.