Baƙunci a ƙauyen Sinawa: ka ƙi alade da giya, amma kada ka ƙi mai gida

'Yan kasuwarmu da ke tashi daga Kumasi, Akra, Duwala da Yawunde zuwa ƙasar Sin sun daɗe da sanin unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou da babbar kasuwar sari ta Yiwu. A can komai a sauƙaƙe yake: ga masallaci, ga gidan abincin halal, ga tafinta. Sai dai yanzu tafiyar ba ta tsayawa a nan. Mai neman kaya da araha yana bin dillali har masana'antar da ke bayan gari, ɗalibi kuma abokin karatunsa na gayyatarsa gida lokacin hutun sabuwar shekararsu. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 510 ne ke zaune a karkarar Sin. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne da jikoki, domin majiya ƙarfi sun tafi birni neman kuɗi, kuma a cikinsu akwai wanda bai taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba, balle Musulmi daga Afirka.

Ra'ayina shi ne, Musulmin da ya shiga irin wannan ƙauye zai iya fita da addininsa lafiya, ya kuma bar mai gida da mutuncinsa. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin biyun, galibi rashin shiri ne ya ja masa. Karin maganar nan da ke cewa in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura tana da iyaka, kuma iyakar tana kan teburin cin abinci.

Sinawa suna da abin da suke kira mianzi, wato fuska. Shi ne ƙimar mutum a idon jama'a, kusan abin da muke nufi da mutunci. Manomin da ya karɓi baƙo daga wata nahiya, duk maƙwabta sun sani, kuma suna kallon yadda za a ƙare. Zai yanka kaza ko agwagwa, ya cika tebur da kwanuka fiye da yadda za a iya cinyewa, ya riƙa ɗebo maka da hannunsa yana zubawa a kwanonka. In ka ture kwano ka ɗaure fuska a gaban mutanensa, a wurinsa ba abinci ka ƙi ba, shi ka kunyata.

Matsalar kuwa babba ce. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a Sin ake cinsa, har ta kai in an ce "nama" kawai ba a fayyace ba, alade ake nufi. A ƙauye sau da yawa da kitsensa ake soya ganye, ana kuma zuba giyar girki a miya da kifi. Kwanon da ka gani kore shar ba lallai ne ya kuɓuta ba.

Maganin abin shi ne a faɗa tun kafin a ɗora tukunya. Ka sa wanda ya gayyace ka ya sanar da gida kwana ɗaya ko biyu kafin zuwanka. Kalmar da za ta yi maka aiki ita ce qingzhen, ana furta ta kamar "cing-jan", ma'anarta halal. Ba baƙuwar kalma ba ce a kunnensu, domin ƙabilar Hui ta Musulmi ta haura mutum miliyan 11, kuma shagunan taliyar Lanzhou da Musulmi ke riƙe da su sun bazu a garuruwan ƙasar. In ka ce cimarka irin ta Hui ce, an gane. Ka nemi a rubuta maka a waya da rubutunsu cewa ba ka cin alade da kitsensa, ba ka shan giya ko a girki. Sannan ka faɗi abin da kake ci: shinkafa, ƙwai, kifi, ganye da man gyaɗa, awarar waken suya. Mai gidan da aka ba shi wannan jeri an ba shi hanyar fita kunya. Kai kuma idan an kawo, ka ci da kyau, ka yaba, ka ƙara. Da haka ne kake biyansa.

Giya ta fi nama wuyar kaucewa, don ita ce igiyar zumunci a tsakanin mazansu. Suna da wata farar giya mai ƙarfi, baijiu, kuma mai gida zai miƙe ya ɗaga ƙaramin kofi ya ce ganbei, wato a shanye tas. Amma al'adar tasu da kanta ta buɗe ƙofa: akwai abin da suke cewa yi cha dai jiu, shayi a madadin giya. Ka cika kofinka da shayi, ka miƙe tare da su, ka riƙe shi da hannu biyu, in za a haɗa kofuna naka ya zama ƙasa da na dattijo. Kada ka fake da cewa yau cikinka ne ba daɗi, domin gobe za a sake miƙo maka. Ka ce addini ne, sau ɗaya, da murmushi, ka tsaya a kai. Na san akwai masu cewa ko zama a teburin da ake shan giya bai kamata ba, kuma maganarsu tana da tushe a wurin malamai. Wanda ya riƙi wannan, sai ya zaɓi ziyarar hantsi ko ta la'asar, ya sha shayi, ya yi hira, ya yi sallama kafin abincin dare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya amsa gayyata, a kashe kuɗi dominsa, sannan ya tashi tsakiyar ci yana tsaki.

Sauran ladubban masu sauƙi ne ga wanda ya tashi a gidan Hausa. Ka fara gaida mafi tsufa. Ba a kiran babba da sunansa tsirara: sa'an mahaifi shushu ne, sa'ar uwa ayi, tsoho yeye, tsohuwa nainai, kamar yadda muke cewa baba, inna da kaka. In an tambaye ka ko ka ci abinci, gaisuwa ce irin "ina gajiya", ba gayyata ba. Kujerar da ke fuskantar ƙofa ta mai daraja ce, kada ka zauna sai an nuna maka wurinka, kada kuma ka fara ci kafin babba. Tsinkayen cin abinci ba a soka su a tsaye cikin shinkafa, don hakan ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci. In ba ka iya su ba, nemi cokali, ba wanda zai ga laifinka. A yankin Guangdong, in an zuba maka shayi, ƙwanƙwasa tebur a hankali da yatsu biyu godiya ce.

Tsaraba ma tana da ƙa'ida. Kada ka je hannu rabbana. Cakulan na Gana ko kofi na Kamaru sun isa, ko ka sayi 'ya'yan itace da ganyen shayi a can. Kilishi kam bar shi a gida, dokar shiga ƙasar ta hana shigo da nama. Ka miƙa da hannu biyu. Za a ƙi karɓa sau biyu ko uku, kai kuma ka nace, kawaici ne irin wanda muka sani. Za a ajiye ba a buɗe a gabanka ba, wannan ba raini ba ne. Ka guji agogon bango, domin a harshensu "ba da agogo" ya yi kama da "raka gawa". Ka guji lema, sunanta ya yi kama da rabuwa, ka guji abu huɗu, lambar ta yi kama da mutuwa. Ga wanda ya fi shafarmu, mu masu kyautar hula: kada ka ba magidanci koriyar hula. A wurinsu mai koriyar hula shi ne wanda matarsa ke cin amanarsa. Jar takarda ita ce ta naɗe kyauta, fara ta makoki ce.

A gidaje da yawa za ka ga wani tebur a zaure da hotunan iyaye da kakanni, da turare da 'ya'yan itace a gabansu. Kada ka taɓa, kada ka ɗora jaka a kai, kada ka ɗauki hoto sai da izini. In an miƙo maka turare ka kunna ka rusuna, ka sa hannu a ƙirji ka ja baya cikin ladabi, ka bar tafinta ya yi bayani. Lokacin sallah kuma ka roƙi ɗaki a keɓe. Ziyara ba wurin wa'azi ba ce, kuma dokar Sin ta hana baƙi yaɗa addini a tsakanin 'yan ƙasa. Kai za ka hau jirgi ka tafi, mai masaukinka ne zai zauna da tambayoyin hukuma. Haka nan wanda ya kwana a gidan mutum ba otal ba, doka ta wajabta a yi masa rajista a ofishin 'yan sanda na yankin cikin awa 24. Ka tuna wa mai gida da kanka, ka je da fasfonka.

Sai maganar kallo. Za a kalle ka, yara za su bi ka, wani zai ɗaga waya, wata tsohuwa ma ta so ta taɓa hannunka. Ba zan ce babu wariyar launin fata a Sin ba. Duk mun tuna watan Afrilun 2020, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou da sunan korona, har jakadun Afirka suka kai kuka. Amma kallon tsohuwar ƙauye yawanci mamaki ne, irin wanda yaranmu ke yi wa Bature in ya shigo zango. Ka ce ni hao ka yi murmushi. In ba ka son hoto, girgiza hannu ya wadatar. Za a tambaye ka shekarunka, albashinka, ko kana da aure, 'ya'ya nawa. Hira ce, ka amsa wadda ka ga dama, ka bi sauran da dariya.

In kuwa tafiya ta kai ka ƙauyukan Hui a Ningxia ko Gansu, sallama za ta buɗe maka ƙofa, za a kawo maka shayi mai busassun 'ya'yan itace da sukari a kofi mai murfi. A nan jarabawar daban ce: kada ka zama mai gyara wa mutane sallah. Yawancinsu Hanafawa ne, mu Malikawa, za ka ga bambanci. Ka gaida limaminsu, wanda suke kira ahong, ka bi sahu, kuma kada ka ja su hirar siyasa da za ta jefa su cikin wahala bayan tafiyarka.

Mu da muke zaune a tsakiyar waɗanda ba Musulmi ba, wannan ba sabon karatu ba ne. Mun san yadda ake zuwa jana'izar maƙwabci a Kumasi a yi ta'aziyya ba a taɓa kwalba ba, mun san yadda ake karɓar goron gayyatar Kirsimeti a ci abin da ya halatta. Kakanninmu fatake da haka suka zauna da Asante da sauran ƙabilu har aka ba su filin kafa zango. Wannan tarbiyya ce ya kamata ɗan kasuwa da ɗalibi su sa a jaka kafin fasfo. A ƙauyen da kai ne Musulmin Afirka na farko da suka gani, yadda ka zauna da su shi ne zai buɗe wa na bayanka ƙofa ko ya rufe ta.